Takardun Da Ban Haska Ba

Ƙarfe huɗu saura kwata na yamma ne. Hadari ya haɗo tun da rana, ya yi baƙi ƙirin a gabas amma ya ƙi zubarwa, garin ya ɗauki wani irin zafi mai manna wa mutum riga a baya. Ina zaune a kan wani tsohon katan a bakin ɗakin sanyinmu saƙonta ya shigo.

"Mai Kifi, kana shago? Zan zo in karɓi tocilata. Na haƙura da aikin."

Sau uku na karanta. Karatuna dama a hankali yake, a aji huɗu na firamare na tsaya, ko wannan da nake rubuta muku da yatsa ɗaya nake dannawa, sai ku yi haƙuri da ni. Amma ba wuyar karatu ce ta sa na maimaita ba. Na san aikin da ta haƙura da shi, na kuma san ni ne na kashe shi.

Bari in koma baya kaɗan saboda waɗanda ba su san mu ba.

Da Baba ya rasu, ya bar mana shagon kifi mai ɗakin sanyi a bayansa, ni da Yayana. Yaya ke magana da masu kawo kaya, shi ke da baki da zafin nama. Ni ke sauke katan, ni ke sara, ni ke wanke tebur. A gida Auta ake ce min. Umma kan ce ko gobara aka yi sai na tsaya na gyara zaman takalmina kafin in fita.

Wata biyar da suka wuce Malama ta shigo shagonmu. Ɗalibar jami'a ce, irin karatun nan da ake ƙarawa bayan an gama na farko. Mayafi ruwan toka, takalmin kambas, gilashi mai kauri da ke zamewa a hancinta tana mayar da shi da bayan hannu. Ta ce tana neman shagunan da za su gwada mata wata takarda. Yaya bai bari ta kai ƙarshe ba ya nuno ni da haɓa.

"Ga wanda ba shi da sauri nan, shi zai iya."

Ta zaro wata 'yar siririyar takarda daga baƙar leda, ba ta kai yatsana tsawo ba, da ɗan tabo fari-fari a bakinta.

"Ka taɓa jimawa kana tauna burodi ka ji ya fara zaƙi?"

"Na taɓa."

"To akwai wasu 'yan ma'aikata a cikin yawun bakinka, su ke wannan aikin. Garin da na shafa a nan kwaikwayon irin aikinsu yake yi. Ƙwayarsa dubu idan ka jera ba su kai kaurin gashin kanka ba. Kifi in ya fara lalacewa yana fitar da wani abu tun kafin hanci ya ji. Garin nan yana gane shi. Sai dai malalaci ne, barci yake, ba ya taɓuka komai sai an haska masa wannan fitilar."

"Ashe ɗan uwana ne," na ce.

Ta yi dariya har gilashin ya zame. Ni dai tun daga ranar ban sake zama daidai ba.

Aikin ba wuya. Kullum da safe in yanki ɗan kifi, in matso ɗigo ɗaya a kan tabon, in kunna tocilar mai shuɗin haske, in ƙirga sittin. In takarda ta tsaya fara, kifi lafiya. In ta koma shuɗiya, ya fara juyawa. In ɗauki hoto in tura mata. Ragowar yankan kuma in ƙulle a leda mai lamba in ajiye a ɗakin sanyi, ran Asabar ta zo ta kwashe, ta kai wa wani babban inji a makarantarsu ya duba ko takardarta gaskiya ta faɗa.

Asabar ɗin nan ita ce ranata. Duk lokacin da ta fito daga ɗakin sanyi zuwa zafin shago, gilashinta sai ya yi hazo, ta tsaya cak kamar makauniya tana laluben gefen mayafi. Sai na je na sayi farin hankici. Da sabulu mai ƙamshi nake wanke shi, shi kaɗai, in goge, in ninke, in sa a leda biyu don kada ƙarnin kifi ya kama shi. Tana fitowa in miƙa. Ta goge, ta miƙo, ta ce, "Na gode, Mai Kifi." Kalma huɗu. Da su nake cin mako guda.

Umma ce ta fara ganewa. Ta same ni a tsakar gida ina shanya shi da maƙali biyu.

"Auta, wannan hankicin ana masa wanka shi kaɗai kamar jariri, na wane ne?"

"Na aiki ne, Umma."

"Aikin ne ke sa ka aske gemu duk Juma'a da yamma?" Ta juya tana kwashe kwanuka. "Allah dai ya sa mai aikin ta san kana yi."

Ta sani ko ba ta sani ba, ban iya cewa. Na dai san saƙonninmu sun wuce maganar kifi. Ta gane rubutu yana min nauyi ba tare da na faɗa ba, sai ta koma turo saƙon murya. Ba ta taɓa tambayata ajin da na tsaya ba. Ta ba ni labarin shekara biyun da ta yi tana dama garin nan yana ƙin aiki, da yadda 'yan gidansu ke ce mata mai karatun da ba ya ƙarewa. Wata rana ta ce, "Cikin shaguna goma, hotonka kaɗai ne ba na sake dubawa. Kai ba ka gaggawa, ba ka ha'inci."

Ku riƙe wannan maganar, don ita ta fi ci min rai.

Wata Talata injin ɗakin sanyi ya mutu. Mai gyara ya ce yana hanya, bai iso ba sai ran Alhamis da yamma. Kwana biyu muna jibga ƙanƙara, tana narkewa, ruwa na bin ƙarƙashin ƙofa. Da injin ya tashi, kifin ya sake daskarewa kamar dutse. A ido ba abin da ya same shi. A hanci ma haka.

Juma'a da safe na ɗiga, na haska. Ban kai ashirin ba tabon ya yi shuɗi kamar bulan wanki. Na ɗaga waya zan ɗauka, ashe Yaya na tsaye a bayana.

"Me za ka yi?"

"Hoto, Yaya."

"Ka tura wa wa?"

"Malama. Ita kaɗai ke gani."

"Ita kaɗai? Ita ta kai wa malaminta, malaminta ya kai wa masu duba abinci, su zo su maƙala mana kwaɗo. Katan talatin da biyu ne a ciki, Auta. Ka shinshina. Shinshina mana! Ka ji wani abu?"

"Ban ji ba."

"To hancinka da ya shekara goma sha biyar a cikin kifi ne ya sani, ko takardar yarinyar da ba ta san kan kifi da jelarsa ba?"

Ya fizge takardar ya yayyaga. Da yamma ya kai maganar gaban Umma. Da faɗa ta yi min, wallahi da na iya tsayawa. Amma ba ta yi ba. Ta zauna a bakin gado tana murza bakin zaninta, ta ce a hankali, "Ni ban san takarda ba, Auta. Na dai san shagon nan shi kaɗai ubanku ya bari. Kada ka raba kanka da ɗan uwanka saboda 'yar mutane."

Na ce to.

Ba wanda ya koya min dabarar, kada in ɗora wa Yaya. Ni na gano ta da kaina, daga bakin Malama kuma na samo ta. Garin barci yake sai an haska. Washegari na ɗiga ruwan kifin, na riƙe tocilar a hannu ban kunna ba. Har sittin na ƙirga, don wauta, kamar ƙirgan ne zai wanke ni. Takarda ta tsaya fara tas. Na ɗauka, na tura.

"Madalla," ta rubuto, da hoton babban yatsa. "Na ji an ce injinku ya lalace, ashe kun tsira."

"Mun tsira," na rubuta.

Kwana tara ina haka.

Ga inda rashin wayona ya fito fili. Hoton na yi wa ƙarya, amma ragowar yankan kifin kullum sai in ƙulle shi a ledarsa mai lamba kamar yadda na saba, hannuna ke yi ba tare da kaina ba. Ko sau ɗaya bai zo min a rai cewa babban injin can ba ya barci ba. Ta zo ta kwashe, na miƙa hankici, ta ce na gode, na kasa kallon ko takalminta.

Takardun kuma na kasa jefarwa. Da hannunta ta shafa kowace. Da na ɗauki hoto sai in mayar da ita cikin baƙar ledarta, in rubuta lambar ranar, in sa a wani gwangwanin shayi da na tura bayan katan-katan a lungun ɗakin sanyi.

Makon jiya saƙon muryarta ya shigo. Muryar ta dushe kamar mai mura.

"Mai Kifi, injin makaranta ya ce kifinku tara duk sun lalace. Takardata ta ce lafiyarsu lau. Ka gane? Da cewa ta yi mai kyau ya lalace, da sauƙi, asarar kifi ce kawai. Amma takardar da za ta ce wa uwa ki ba 'ya'yanki alhali guba ce, gara babu ita. Farfesa ya ce in ajiye, in nemi wani aikin daga farko. Shekara biyu fa." Ta ja hanci. "Ba laifinka ba ne, kada ka damu. Kai ka yi naka."

Kun san me na amsa? "Allah ya kyauta." Ni, da bakina.

To yau ga shi za ta zo karɓar tocila. Yaya ya tafi tasha tarar kaya. Na tashi na wanke teburin da ya riga ya wanku. Na sake wankewa.

Ta shigo daidai lokacin da iska ta fara kaɗa ledoji a titi. Baƙar doguwar riga ce a jikinta, ba kwalli, mayafin ma a karkace. Ta yi ƙoƙarin murmushi.

"Ka huta da ƙirga sittin."

Na ɗauko tocilar daga aljihun tebur. Na riƙe. Ta miƙo hannu, ban saki ba.

"Malama."

"Na'am?"

"Takardarki ba ta yi ƙarya ba."

"Kai ma kada ka fara lallashina, don Allah, na gaji da..."

"Ban kunna ba."

Ta tsaya.

"Kwana taran nan. Ban kunna fitilar ba. Na ɗiga, na ɗauki hoto, ban haska ba. Washegarin gyaran injin na haska, ta yi shuɗi tun kafin ashirin. Sai na daina."

Ruwan ya sauko a lokacin, da ƙarfi, a kan kwanon rufi. Ta mayar da gilashinta da bayan hannu. Bai ma zame ba.

"Yayanka ne ya sa ka?"

Ƙofa ce ta buɗe min, na gani. Da na ce e, da ta sami inda za ta ajiye fushinta ba a kaina ba.

"Ya ce kada in tura. Amma rashin kunnawar, ni na ƙirƙiro."

"Na yi maka kuka a waya."

"Kin yi."

"Ka ce min Allah ya kyauta."

Na sunkuyar da kai ina kallon magudanar ruwan da ke ƙarƙashin tebur. Da zan iya bin ta in fice, da na bi.

"Suna nan," na ce. "Takardun. Ban jefar ba. Suna cikin baƙar ledarsu, a cikin sanyi, haske bai taɓa su ba."

Ban san ko suna da sauran amfani ba, na faɗa ne don shi kaɗai ya rage min. Amma na ga fuskarta ta sauya. Ba sauyin yafiya ba, sauyin mai aiki da ya ji motsin aikinsa.

"Nuna min."

Muka shiga ɗakin sanyi, ta ce in ja ƙofa in kashe ƙwan lantarki. Na lalubo gwangwanin. Da hasken wayarta, wanda ta rufe da yatsu ya zama ja-ja, ta jera ledoji tara a kan katan bisa lambobina. Ta ciro 'yar kwalba daga jaka, ta jiƙa tabon farko da ɗigon ruwa.

"Ban taɓa gwada wadda ta kwana ba," ta ce, ba da ni take ba. "Wataƙila ta mutu." Sai ta turo min tocilar. "Riƙe. Ƙirga da ƙarfi in ji."

Na kunna.

"Ɗaya. Biyu. Uku."

Numfashinmu na fita kamar hayaƙi a cikin shuɗin hasken. A goma sha biyar ba komai. A ashirin da biyar ba komai. A talatin da ɗaya gefen tabon ya fara duhu, kamar tawada ta taɓa tsumma, sannan ya bazu.

"Ci gaba," ta ce. "Ba a tsayawa sai sittin."

Na kai sittin. Ta ɗauki hoto. Ta buɗe ta biyu.

Sau tara na ƙirga sittin a ɗakin nan, 'yan uwa. Sau tara takarda ta tashi daga barci ta faɗi abin da na ɓoye, ni ne kuma mai riƙe mata fitila. A ta shida na ji wani sauti ya kuɓuce mata, rabi dariya rabi kuka, ta toshe baki da mayafi. Raina ya yi fari na ɗan lokaci. Na ɗauka an gama.

Ta kunna ƙwan da kanta. Ta dubi ɗakin, ta dubi lungun da ya yi fili.

"Katan nawa ne ranar?"

"Talatin da biyu."

"Nawa suka rage?"

"Huɗu."

"Sauran fa?"

Na shiga tattara ledojin da ke kan katan.

"Mai Kifi, sauran fa?"

"An sayar."

"Wa ya sara? Wa ya zuba a leda ya miƙa?"

"Ni."

"Ba wanda ya dawo?"

Na so in ce babu. Amma bakina ya gaji da ƙarya. "Matar telan da ke kan kwana. Ta ce 'ya'yanta sun yi ƙuraje, bakinsu na ƙaiƙayi, ƙaramar ta yi amai kwana guda. Ta ɗauka man suya ne. Sun warke."

"Ka ce mata me?"

"Na ce Allah ya ƙara sauƙi."

Wallahi da mari ta ɗauke ni da shi, da na gode mata.

"Ni aikina ka jinkirta," ta ce a hankali. "Waɗannan taran ba za su shiga rahoto ba, sai na sake gwaji a wani shagon, amma yanzu na san garina yana da rai. Zan faɗa wa Farfesa gaskiya gobe. Yaran nan fa? Don irinsu na shekara biyu ina wannan wahalar. A hannunka fitilar take."

Na je na sunkuci katan na farko na ɗora a kafaɗa. Ban jira ta ce ba. Na fita da shi ta ƙofar baya, na ajiye a tsakiyar ruwan sama, na sa wuƙa na farke ledar don ya narke yadda ba mai iya mayar da shi. Na dawo na ɗauki na biyu. Na san abin da Yaya zai yi in ya dawo. Na san fuskar da Umma za ta yi, wadda ta fi ta Yaya ciwo. Na san kuma gobe da safe sai na taka zuwa kan kwana na tsaya a ƙofar tela. Na ɗauki na uku, na ɗauki na huɗu. A hankali, yadda na saba.

Da na dawo jiƙe sharkaf, ita ma lokacin ta fito daga ɗakin sanyi, gwangwanin shayin a ƙirjinta, tocila a jaka. Tana taka zafin shago gilashin ya yi hazo fari fat. Ta tsaya cak. Hannunta ya miƙo wajena da kansa, kamar kowace Asabar. Sai ta tuna. Ta janye shi.

Daga nesa, cikin ƙarar ruwa, na jiyo kukan babur ɗin Yaya yana shawo kwana. Ba na rikita shi da na kowa.

Na goge hannuna a wando. Na ciro ledar daga aljihun tebur, na kwance ta farko, na kwance ta biyu. Ban miƙa mata a hannu ba, na ga ban da wannan hurumin yanzu. Na ajiye hankicin a bakin tebur, daidai inda yatsunta za su same shi, na ja da baya.

Ta laluba ta ɗauka. Ta cire gilashin ta goge. Ta juya min baya ta ci gaba da gogewa, ta jima fiye da yadda gilashi ke buƙata. Na tsaya ina jiran kalma huɗun nan, ko biyu daga ciki.

Ta ninke hankicin gida huɗu, ta sa a jakarta kusa da tocilar, ta ja mayafi ta shiga ruwa.